Tanbihin 'Yan'uwa Na Makwar Da Jazira A Kan Yadda Matsayi Da Al'ada Ke Juya Halin Mutum

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, Allah ya datar da ni da kai, ka sani cewa waɗannan baitoci tara na tsara su ne saboda wata tambaya da almajirai suka yawaita yi mini tun bayan fitinar da ta auku a jihar Nil Azrak, watau Shuɗin Nilu, a shekarar 2022. Suna cewa: Malam, mutumin da aka san shi da kirki, mai salla a sahun farko, yaya aka yi ya wayi gari yana ƙona ɗakin maƙwabcinsa? Amsar wannan ba ta fita a zama guda, domin saiwarta tana da nisa. Sai na ga ya fi kyau in faro daga tushe, in nuna yadda jama'a ke ɗinka wa mutum riga tun bai san damansa da hagunsa ba, ya sa ta, ya riƙa tafiya irin ta mai wannan riga. Misalan kuwa daga gidanmu na ɗebo su, daga Makwar da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, domin abin da mutum ya gani a ƙofar ɗakinsa ya fi saurin shiga kunnensa. Ga baitocin:

Na gode Allah da ya halicci zuciya,
Ya bar ta fili domin shukar tarbiyya.

Yaro yana duban idanun manyansa,
Abin da sun yarda, shi zai kira gaskiya.

Uwa ta ɓoye sunan ɗanta na fari,
Tana da so a ciki, a baki sai kunya.

Kaka ya bar Burmi ya fuskanci gabas,
Ya ce da 'ya'yansa mu baƙi ne a hanya.

Jika ya yi furfura bai ga Ka'aba ba,
Ɗakinsa na kara, wai gobe ne tafiya.

Rawani yakan tanƙwara mai taurin kai,
Ya sha hannu da wanda ya yaƙa jiya.

An ba wani hawasha, an ba wani kwando,
Ruwansu ɗaya, rabonsu bai zamo ɗaya.

Suna idan an daɗe ana kiranka da shi,
Yakan shige ƙashi ko da ya zam ƙarya.

Taro yakan ja mutum inda bai nufa,
Ya sa wuta ga wanda suka haƙa rijiya.

Sharhin baiti na 1 da na 2

Fili a nan ina nufin gonar da ba a taɓa nomawa ba. Ya inganta a hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito cewa kowane jariri ana haihuwarsa a kan tsarkin halitta, sa'an nan iyayensa su juya shi zuwa ga abin da suke kai. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, wurin da ya yi magana a kan horon yara, ya kamanta zuciyar yaro da dutse mai daraja wanda ba a yi wa zane ba, kowane zane aka yi masa zai karɓa. Ibnu Haldun kuwa, wanda ya rasu a Misira a 1406, ya tafi a kan cewa abin da mutum ya saba da shi yakan rinjayi ɗabi'ar da aka haife shi da ita, har sabon ya zauna a mazaunin ɗabi'a. Mu Hausawa muka taƙaita duka muka ce sabo turken wawa.

Abin da nake nufi da matsayi shi ne wurin da jama'a ta ajiye mutum: uba ne ko ɗa, malami ko almajiri, mai gari ko baƙo, mai gona ko ɗan ƙwadago. Al'ada kuwa ita ce abin da jama'a ke sa ran gani daga wanda ke zaune a wannan wuri. In ya yi, a yi shiru. In ya saɓa, a ɗaga gira. Ka lura, al'ada ba ta da dogari kuma ba ta da gidan kaso, amma tana da ido da gori da dariya, tana da hana aure, tana da ƙauracewa ranar suna da ranar jana'iza. Na sha ganin namijin da ba ya tsoron kada a kogi, amma maganar tsofaffin mata uku a gidan biki ta hana shi barci.

Kada wani ya fahimci cewa ina ɗauke wa mutum nauyin aikinsa. Baligi mai hankali mukallafi ne, da alƙalami a kansa. Manufata ita ce mutum ya san hannun da ke tura shi ta baya, domin wanda bai san ana tura shi ba ba zai kafe ƙafa ba.

Sharhin baiti na 3

Wannan shi ne misali mafi sauƙi, shi ya sa na gabatar da shi. A al'adarmu uwa ba ta kiran ɗanta na fari da sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kuka yake sai ta kau da kai har kakarsa ta ɗauke shi. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. Maƙwabtanmu Larabawa kuwa, waɗanda muke ɗiban ruwa a tur'a ɗaya da su, girmamawa ce a wurinsu a kira mutum Abu wane, a kira mace Ummu wane, da sunan babban ɗansu, a tsakiyar kasuwa. Abin da su ke ɗagawa sama shi mu ke rufewa da zane. Shin uwar Bahaushe ta fi uwar Balarabe ƙarancin so? Ko kusa. Na ga uwar da ba ta taɓa furta sunan ɗanta ba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ta kwana uku ba ta sa kisra a bakinta ba. Son na halitta ne, fitar da shi kuwa yana bin ƙofar da jama'a ta buɗe.

Shari'a ba ta wajabta wannan kunya ba kuma ba ta hana ta ba, matuƙar ba ta kai ga tauye haƙƙin yaro ba. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira, ya yi gargaɗi ga mai fatawa cewa idan baƙo ya zo masa da tambaya ya fara binciken al'adar garinsu, kada ya auna shi da mudun nasa garin. Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai, mu da ke zaune tsakanin al'adu biyu.

Sharhin baiti na 4 da na 5

A nan zan daɗe, domin nan ne ƙashin bayan darasin.

A watan Maris na 1903 sojojin Ingilishi suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fita da niyyar hijira zuwa gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, manoma suna barin gonakinsu. Dama tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai zance a bakin mutane cewa ƙarshen al'amarin jama'a ƙaura ce zuwa wajen Nilu da Makka, kuma Shehu da kansa ya wallafa littafi a kan wajabcin hijira. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi yaƙin Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja waɗanda suka rage, suka yi shekaru suna tafe, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu wajen garin Shaihu Ɗalha. Daga baya aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, Mai Wurno, kudu da Sinnar.

Amma ba dukanmu ne jikokin mutanen Burmi ba. Mafi yawan Hausawan Jazira kakanninsu sun zo ne daga baya, ta hanyar hajji, daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram da sauransu. Ga wani abu da almajirai ba su cika lura da shi ba. A mazhabarmu ta Maliku ba a sharɗanta guzuri da abin hawa ga wanda ke iya tafiya da ƙafa kuma yana da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, Muhtasar na Halilu ya bayyana haka. Saboda wannan hukunci guda, wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, malami ya ɗauki allonsa da tawadarsa, suka kama hanya ba ko sisi: Maiduguri, Fallomi da ake kira Injamena yanzu, Abashe, Janaina, Fashir, Ubayyid. A yi damina a nan, a yi rani a can. Da suka iso Makwar sai suka tarar Turawa na gina madatsar ruwa, wadda aka gama a 1925, tsawonta wajen kilomita 3, ga kuma gonakin auduga na neman hannu. Mutum ya ce bari in yi kaka ɗaya in tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Kaka ta wuce, matarsa ta haihu. Baɗi bashi ya hau. Baɗin baɗaɗa ya aurar da 'yarsa. Da yawa sun ƙarasa sun sauke farali, wasu sun koma gida, wasu sun dawo nan. Da yawa kuma an binne su a gefen tur'a da niyyarsu a zuci, Allah ya ba su ladan niyya.

To, abin lura shi ne rigar da suka bar wa 'ya'yansu, watau rigar mahajjaci. Yaro an haife shi a Jazira, ubansa ma a Jazira, amma in ka tambaye shi sai ya ce mu a kan hanya muke. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna cikin ƙauyukan mutanenmu na wajen Wad Madani, ya fitar da littafi da Turanci a 1995, ya kira su mahajjata na dindindin. Ya lura da abin da mu muka saba gani har muka daina ganinsa: mutum yana da halin gina ɗakin tubali amma ya zauna a na kara, domin gini shaida ce cewa ya fasa tafiya, kuma ba ya son a ce shi ne ya fara fasawa.

Wannan riga ta yi mana amfani, kada a yi mata butulci. Ita ta tsare samarinmu daga gidajen marisa, domin mai niyyar Ɗakin Allah ba ya zama a can. Ita ta riƙe mana makarantun allo da harshenmu shekara ɗari a tsakiyar wani harshe. Ita ta sa mutum ya haƙura da wulakanci, yana cewa matafiyi ba ya faɗa a kan inuwar da zai bari gobe. Amma ta ci mana abubuwa. Wanda zai tashi gobe ba ya dasa mangwaro, ba ya neman takardar fili, ba ya kai ɗansa makarantar gwamnati, ba ya zuwa ofis neman jinsiyya, watau takardar zama ɗan ƙasa. Ranar da aka ce kowa ya fito da takardarsa, sai jikan mahajjaci ya fito da tasbaha. Yau da yawa sun tuɓe wannan riga, sun yi gini a Sinnar da Wad Madani da Gadarif da Kasala, cikinsu akwai likitoci da malaman makaranta da 'yan kasuwa. Amma shekarun da aka yi ana jiran gobe ba su dawowa.

Mas'ala. Idan ka ce: ai hadisi ya umurci mumini ya zauna a duniya kamar baƙo ko mai ƙetare hanya. Sai in ce: gaskiya ne, amma wannan baƙunci na zuciya ne. Wanda ya faɗi haka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya kwaɗaitar da dasa itace ko da tashin Ƙiyama ya ƙarato, kuma ya gina masallaci da ɗakuna a Madina. Sa'an nan ka duba fiƙihu. Matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya zama mazauni, sai ya cika salla, kamar yadda yake a Risala. Ban taɓa ganin dattijo a ƙauyukanmu yana sallar azahar raka'a biyu da hujjar cewa kakansa ya fito hajji ba. Haka Juma'a: sharaɗinta a wurinmu mutane su zama mazauna gari da niyyar dawwama, ko da ɗakunansu na kara ne, ban da masu tanti. Duk ƙauyen da ya tsai da Juma'a ya riga ya shaida a gaban Allah cewa mazauni ne. Ka ga ke nan mutum ranar Juma'a ɗan gari ne, sauran kwana shida kuwa al'ada ta mai da shi matafiyi, kuma bai taɓa jin karo tsakanin biyun ba.

Sharhin baiti na 6

Rawani kinaya ce ga shugabanci. Lokacin da Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi ya fita, Waziri Buhari kuwa ya komo ya yi sulhu da Nasara, daga baya ya rubuta wasiƙa ga ma'abuta ilmi yana bayyana dalilinsa. Su biyun gidan karatu ɗaya suka fito, littattafai ɗaya suka karanta. Ni a ganina matsayi ne ya raba musu hanya. Wanda aka yi wa mubaya'a a kan shugabancin Musulmi yana ganin bai halatta gare shi ya zauna ƙarƙashin tutar wani ba. Wanda kuwa aikinsa kula da al'amuran gari ne, idonsa na kan tsofaffi da mata da raunana waɗanda ba su iya tafiya. Ba na shiga tsakaninsu da hukunci, Allah ya jiƙan su duka.

Abin mamaki yana gaba. Mai Wurno ya tsere wa Ingilishi a yamma, ya iso gabas ya tarar su ne dai ke mulkin Sudan tun bayan yaƙin Karari na 1898. Da shi kaɗai ne da sandarsa, da ya wuce abinsa. Amma a bayansa akwai jama'a masu neman ƙasar noma da wurin binne matattunsu. Sai ɗan shahidin Burmi ya zauna da jami'an Nasara, aka ba shi wuri, aka san shi da sarautarsa, ya riƙe garin har ya rasu a 1944, sarautar ta ci gaba a zuriyarsa. Saurayi mai zafin jini zai ce wannan sassauci ne. Ni na ce ya bari sai an naɗa masa ko da mai unguwa ne, sa'an nan mu sake magana.

Kuma riga tana buɗe ƙofa kamar yadda take rufewa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa wa mace jaji, ta ba ta malfa. Matar da jiya ba ta fita ƙauyensu, yau da malfa a kanta tana jagorantar mata 'yan taru daga gari zuwa gari neman ilmi, ba mai tare ta. Matar ita ce dai ta jiya, malfar kuma kaba ce.

Sharhin baiti na 7

Hawasha ita ce gonar da ake yanka wa manomi a cikin aikin noman Jazira. An buɗe aikin a 1925 da ruwan madatsar Makwar, a ƙasar da ke tsakanin Nilu biyu, daga baya aka ƙara masa Manaƙil har ya wuce fadan miliyan 2, fadan kuwa ya ɗara eka da kaɗan. Tun farko kuɗin auduga kashi uku ake yi masa, na gwamnati da na kamfanin Turawa da na mai hawasha, har 1950 da gwamnati ta karɓi wurin kamfanin, hedkwata tana Barakat. A wancan zamani mufattishi shi ke faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa, ruwa ya bi ta tur'a ya shiga abu ishirin ya shiga abu sitta ya kai gona. Amma cikin wannan rabo duka ba a ambaci wanda ya sunkuya ya tsinci audugar ba. Shi da kwandonsa, a auna a biya shi, shi ke nan.

An ba masu ƙasa da mutanen yankin hawasha. Mutanenmu da mutanen Darfur da na Wadai aka bar su da ƙwadago. A shekarun 1930, da kasuwar auduga ta faɗi wasu suka gudu suka bar gonakinsu, an ba waɗansu daga cikin mutanenmu hawasha, suka riƙe ta a lokacin wuya. Da kasuwa ta farfaɗo sai ƙofar ta koma ta rufe. Masu ƙwadago aka bar su su kafa bukkoki a gefen tur'a, wurin da ake kira kambo, jam'insa kanabi, ba a lissafa shi gari ba, saboda haka yawancinsu ba makaranta ba asibiti ba famfo.

Yanzu duba aikin matsayi. Ɗan mai hawasha ya taso yana ganin ubansa tsaye a kan kunya da sanda yana nuni, sai ya koyi cewa mutunci shi ne kada hannunka ya taɓa laka, ya nufi makaranta ya nufi ofis. Ɗan kambo ya taso yana ganin uwarsa da ubansa a sunkuye, sai ya koyi sunkuyawa, har a magana. Bayan shekaru sai mutane suka juya zancen, suka ce waɗannan an halicce su da juriyar rana, waɗancan an halicce su da kai. Alhali da an musanya jariran biyu a daren suna, da kowane ya taso da halin gidan da ya buɗe ido a ciki. Ko a cikinmu ka gani: matan kambo suna fita tsintar auduga ba mai cewa komai, amma ranar da mijin ɗaya ya sami abin hannu ya koma cikin gari sai ya sa ta kulle, ya fara ganin fitar matar ƙaninsa abin kunya ne. Hukuncin Allah bai sauya ba tsakanin kambo da gari. Aljihunsa ne ya sauya.

Ba na cewa duk mai hawasha azzalumi ne. Akwai waɗanda suka yi shekara talatin suna noman raba-daidai da Bahaushe, dawa da gyaɗa, ba a taɓa jin kansu ba, kuma shi kansa mai hawasha ya sha matsa a hannun mufattishi da masu ba da bashi.

Sharhin baiti na 8

A nan ana kiranmu Fallata, kalmar da Barebari ke kiran Fulani da ita, aka yafa ta a kan Bahaushe da Babarbare da Bazabarme duka. Ana kuma ce mana Takari ko Takarir, daga Takrur, sunan da Larabawan da suka san yammacin Afirka da shi. Asalin sunayen ba zagi ba ne. Amfani ne ya sa musu dafi, har ya zama in an faɗe su abin da ake nufi shi ne baƙo wanda ba shi da ƙasa. Doka ma ta taimaka. Bayan samun mulkin kai a 1956, dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ka lissafa da kanka: mutanen Burmi sun fito a 1903. Dokar 1994 ta dawo da iyakar zuwa 1956, amma abin da ya shiga zukata gyaran doka ba ya fitar da shi a rana ɗaya.

Ibnu Haldun ya yi magana a kan wanda aka rena da tsanani da ƙasƙanci, ya ce yakan koyi ɓoye abin da ke ransa da nuna wanda ba shi ba, don tsoron hannun da ke kansa. Na ga gaskiyar wannan da idona. Na ga saurayi yana magana da uwarsa da Hausa, da suka shiga mota sai ya juya Larabci ya yi kamar bai san ta sosai ba. Na ga wanda ya ƙi neman aikin da ya cancanta, ba a hana shi ba, shi ya hana kansa, ya ce irinmu ba a ba mu. Wannan shi ne shiga ƙashi. Alhali duk Sudan ana cin agashe, kuma sunansa ma Hausa ne.

Sharhin baiti na 9

Yanzu mun iso tambayar almajirai. Turawa a shekarun 1920 sun tsara mulkin gargajiya a Sudan, nazir da umda da shaihu, aka ɗaure sarauta da ƙasa: kabilar da ke da nazir ita ce mai ƙasa, saura baƙinta ne. Numairi ya rushe tsarin a farkon shekarun 1970, daga baya aka komo da shi. Hausawan Nil Azrak, manoma da masunta da suka daɗe a bakin kogi, suka nemi a ba su sarauta tasu. Mutanen Hamaj da Barta da sauran jama'ar Funj suka ga cewa sarauta yau, ƙasa gobe. A watan Yuli na 2022 wuta ta kama, ta ci Rusairis da kewayenta, aka kashe fiye da mutum 100. A watan Oktoba ta sake tashi a Wad Mahi, aka rasa wajen 200 cikin 'yan kwanaki, dubbai suka bar gidajensu. Jini ya zuba ta kowane ɓangare, kuma matasanmu ma da suka fita zanga-zanga a Kasala an ƙona shaguna da ofisoshi. Ba zan wanke namu don namu ne ba.

Sa'an nan babban yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023. Dakarun Da'amus Sari'u suka shiga Wad Madani a Disamba na wannan shekara, suka yi ɓarna mai yawa a ƙauyukan Jazira, kamar kisan Wad Nura a Yuni 2024. Da soja suka karɓe birnin a Janairu 2025, sai wasu mayaƙa da ke tare da su suka afka wa kanabi da zargin sun taimaki abokan gaba, aka kashe mutane a Kambo Ɗayyiba. Mafi yawan mutanen wannan kambo asalinsu daga yammacin Sudan ne, amma sunan kambo ya haɗa mu da su. Ba a tambayi kowa me ya aikata ba. An duba rigar da ke jikinsa.

Yaya mai kirki ke shiga irin wannan? Ba ya shiga da sunansa. Yana shiga ne a matsayin ɗan kabila, ko mai ƙasa, ko mai ramuwa, kuma kowane matsayi a ranar yana da abin da ake jira daga gare shi. In ya tsaya a gida a ce matsoraci ne, ko a ce munafuki. Wanda zai kai wa hannu kuma an riga an tuɓe masa sunansa, ya daina zama wane da suka haƙa rijiya tare, ya zama ɗaya daga cikin su. Wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya yi gwaji a shekarun 1950: a nuna wa mutane layuka a ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo, abu a fili, amma an haɗa baki da sauran su faɗi ƙarya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda ake gwadawa suka bi taro suka ƙaryata idonsu. Da aka sa mutum guda cikin taron ya faɗi daidai, sai bin ya ragu ƙwarai. Wannan a kan layi ne a takarda, ba mai riƙe da adda. Tirmizi kuwa ya ruwaito hani ga mumini ya zama ɗan amshin shata, mai kyautatawa in mutane sun kyautata, mai zalunci in sun yi zalunci.

Game da hukunci, ka sani taro ba ya raba alhakin jini ya zama ƙanana. Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya zartar da ƙisasi a kan jama'a saboda mutum guda da suka yi wa kisan gilla, ya kuma bayyana cewa ko mutanen San'a'a duka ne suka haɗu a kai, hukuncin zai hau kansu duka. Zartar da wannan aikin alƙali ne da hukuma bayan shaida ta tabbata a kan mutum da sunansa, ba aikin dangin mamaci ba ne, balle a kama wani a madadin wani don harshensu ɗaya. Kuma a mazhabar Maliku, wanda ya riƙe mutum domin wani ya kashe shi, yana sane da nufin mai kisan, hukuncinsa ɗaya ne da wanda ya soka wuƙar.